Yini Guda a Gidan Namun Dajin Yamai

 Filinmu na wannan karo zai kai mu wani wuri da yawancinmu mun san sunansa. Wasu ma kullum suna wucewa ta ƙofarsa a kan hanyar aiki ko ta kasuwa, amma rabonsu da shiga cikinsa tun suna ƴan lakwal. Wurin nan kuwa shi ne gidan tarihi na ƙasa da ke birnin Yamai, wanda kowa ya fi sani da Muze, inda aka haɗa kayan tarihi da namun daji a cikin shinge guda.

An kafa gidan a shekarar 1959, wato shekara guda kafin Nijar ta sami ƴancin kanta. Jagoran wannan tunani shi ne marigayi Bubu Hama, malamin makaranta, marubuci, kuma masanin tarihi, wanda ya shugabanci majalisar dokokin ƙasa har zuwa 1974, ya rasu a 1982. Sunansa ne gidan ke ɗauke da shi a yau. Filin ya kai hekta 24 a tsakiyar gari, ba nisa da kogin Kwara da gadar Kenedi. Da zarar mutum ya shiga, sai ya ga ɗakuna farare masu ado shuɗi irin zanen gidajen Hausa, a warwatse cikin itatuwa. A wani an jera tufafin gargajiya, a wani kayan kiɗa, a wani kuma an baje labarin ƙarfen uraniyom da ake haƙowa a arewacin ƙasar. Akwai samfurin gidajen Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye. Akwai kuma rumfunan masu sana'a, maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa, suna aikinsu a gaban idon mai kallo. A tsakanin duk waɗannan ne aka kakkafa kejin dabbobi da tafkunansu.

Dalilin tafiya

Da yawa daga cikin waɗanda aka haifa a ƙauye ba su da takamaimiyar ranar haihuwa. Takardarsu takan ce “né vers”, wato an haife shi wajen shekara kaza, daga baya kuma sai ma'aikata su cike gurbin rana da 1 ga Janairu. Saboda haka a ranar farko ta shekarar Miladiyya, dubban ƴan ƙasar nan suke ƙara shekara guda a takarda baki ɗaya. Mu ma muna cikin wannan babbar runduna. Mahaifiyarmu dai abin da ta riƙe shi ne an haife mu bayan an gama sussukar gero, sanyi ya fara shigowa, don haka lissafin takarda bai kauce ƙwarai ba.

Mun san malamai sun yi dogon bayani a kan bikin zagayowar ranar haihuwa, kuma wannan fili ba na fatawa ba ne. Mu dai ba biki muka yi ba, ba kiɗa, ba taro. Amma da lissafi ya nuna mun cika shekara 40, sai muka ga ranar ta cancanci a tsaya a yi tunani. Suratul Ahƙaf ta ambaci wannan mataki na rayuwa da adadinsa, ta kuma koyar da cewa wanda ya kai shi ya roƙi Allah Ya ba shi ikon gode wa ni'imar da aka yi masa, shi da mahaifansa, Ya kuma shiryar masa da zuriyarsa. Da muka faɗi haka a gida, yara suka ce to tunda ranar hutu ce, a kai su Muze. Muka ɗauki mahaifiya, wadda su suke kira Kaka, da uwargida, da yara uku: ɗan farinmu mai shekara 14, ƙanwarsa mai 10, da auta mai 6. Ga mahaifiya a dama, ga zuriya a hagu, ka ga an hallara duk waɗanda addu'ar ta shafa.

Mun isa da hantsi. Hazon hunturu ya rufe kogi har ba a hango ƙetare sosai, iska tana busawa a bushe, ganyen bedi yana zuba. Wurin ya cika da iyalai, ƴan mata da kitso sabo, samari cikin rigunan sanyi, masu tallar alewa da gyaɗa suna kai da kawowa. Rabonmu da taka wannan ƙasa kusan shekara 30, tun ranar da malaminmu na lakwal ya jero mu bibbiyu, kowa riƙe da hannun ɗan uwansa.

Dutsen da ke numfashi

Tafkin dorina muka fara nufa. Ruwan a kwance yake, ba motsi, sai wani abu baƙi-baƙi a tsakiya kamar bayan kifaffen kwale-kwale. Manya da yawa suka leƙa, suka ce “dorina ce”, suka wuce. Auta kuwa ta kama ƙarfen shinge da hannu biyu ta ƙi gusawa. Can sai ta jawo mana riga ta ce, “Baba, dutsen nan yana numfashi.”

Muka duƙa daidai tsawonta don mu ga abin da take gani. Sai ga ƙananan kunnuwa biyu suna karkaɗa ruwa, ga hanci ya buɗe ya fesar da iska, ga idanu biyu sun ɗago suna dubanmu. Ido da kunne da hanci duk an jera su a saman kai a layi ɗaya, ta yadda dabbar za ta nutse gaba ɗaya amma tana gani, tana ji, tana shaƙar iska. In ta ga dama ta toshe hanci da kunne ta yi kamar minti 5 a ƙarƙashin ruwa. Duk da zamanta cikin ruwa, ba iyo take yi irin na kifi ba, takawa take yi a ƙasan kogi tana tunkuɗa jikinta. Namiji yakan kai kilo 1,500, wani ma ya ninka haka, alhali abincinta ciyawa ce kawai, wadda take fitowa da dare ta ci kamar kilo 40. Fatarta kuma tana tsattsafo da wani ruwa ja-ja mai maiƙo da ke kare ta daga zafin rana.

Muna nan tsugune sai ta wage baki. Ba mu san sanda “Subhanallahi” ta fito daga bakinmu da ƙarfi ba, har na kusa suka waiwayo. Baki ne kamar ƙofar rumbu, da haure kamar turmin hannu a tsaye. Uwargida ta yi dariya ta ce, “Malam, yau dai kai ne yaron.” Ta yi gaskiya. Abin da muka ji a ƙirji a wannan lokaci shi ne ainihin abin da muka ji muna ɗan shekara 10, ba ragi ba ƙari. Ashe yana nan bai mutu ba, ya dai kwanta ne kamar yadda dorinar ta kwanta.

Mun tuna wa yara cewa mu da sunan dorina a jikin bulala muka fara saninsa. Tun kafin mu ga dabbar, mun san dorina a hannun dogarai da a makarantar allo, domin daga fatarta ake yanko ta. Ɗan fari ya dubi kaurin fatar ya ce, “Baba, lalle kun sha wuya.” Kaka ta ce, “Ai shi ya sa ya zama mutum.”

Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Wannan gaskiya ce a sha'anin duniya da tafiyar da ita. Amma a bakin tafkin nan mun ga akwai kuma abin da yaro yake gani a kusa, wanda babba ya daina gani. Babba idan ya ga abu sai ya kira sunansa ya wuce, domin a ganinsa sanin suna ya wadatar. Yaro kuwa bai riga ya saba ba, don haka sai ya tsaya ya duba. Sabo yana da amfaninsa, da babu shi da ba a iya aiki ba a iya fatauci, amma yakan yi wa ido yana. Shi kuwa tafakkuri, wato zurfafa tunani cikin halittar Allah, wanda Alƙur'ani ya yi ta kira zuwa gare shi, daga tsayawa da dubawa yake farawa. Wanda ba ya mamaki, da me zai yi tafakkuri?

Sarkin dawa da kura

Daga nan muka nufi wajen zakuna. Mun tarar da manyan dawa a miƙe cikin inuwa, ido a rufe, sai jela kaɗai ke korar ƙuda. Ɗan fari, wanda ya saba ganin zaki a talabijin yana kayar da ɓauna, ya ɗan yatsine fuska ya ce, “Wannan ne sarkin?” Muka ce masa zaki yakan shafe har awa 20 a yini yana hutawa, kuma a dawa ma haka yake, da dare da sanyin asuba ne yake harkarsa. Talabijin takan tattara abin da aka yi watanni ana jira ta nuna shi cikin minti kaɗan, shi ya sa wanda ya saba da ita yake ƙosawa da halitta ta gaskiya. Muka sa shi ya dubi faɗin dagin da girman kafaɗa. Muka kuma nuna masa cewa gezar zakin yankinmu na Afirka ta Yamma ba ta cika yawa kamar ta zakunan gabashin Afirka da yake gani a hoto ba.

Amsar tambayarsa ba ta zo ba sai da la'asar sakaliya, muna can wani ɓangare na gidan. Sai muka ji wani gurnani mai kauri, ya fara a hankali kamar ana jan turmi a ƙasa, ya yi ta hauhawa har muka ji shi cikin ƙashin ƙirji. Duk wurin ya yi tsit, birai suka nutsu, auta ta ɓuya cikin zanen uwarta. An ce a dawa ana jin wannan ruri daga nisan kilomita 8. Yaron ya dube mu, bai ce komai ba, mu ma ba mu ce ba.

Kura kuwa tsohuwar sananniya ce ga kowane ɗan Bahaushe, ko da bai taɓa ganinta ba. Ita ce a tatsuniya Gizo yake yi wa wayo kullum, ita ce mai kwaɗayi, mai tsoro, mai shan duka. Ita ce a karin magana ake cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da ƴarmu ta tsakiya ta gan ta tana zagaye kejinta, gaba a tashe baya a zube, sai ta ce, “Kaka, ita ce ta cikin tatsuniya?” Kaka ta ce, “Ita ce, jikata. Sai dai ku kun gan ta da rana, tsakaninku da ita ƙarfe. Mu da dare muka san ta, tsakaninmu da ita zana.”

Sai dai kurar da Allah Ya halitta ta fi ta tatsuniya ban mamaki. Kura mai dabbare-dabbare ba a mushe kaɗai ta dogara ba, mafarauciya ce ta gaske, yawancin abincinta da kanta take kamawa. Muƙamuƙinta yana farfasa ƙashi, cikinta kuma yana narkar da shi, ta haka take share dawa daga abin da zai ruɓe ya jawo cuta. A cikin garkensu mace ce babba, ta fi namiji girman jiki, ita ce kuma mai faɗa a ji. Da uwargida ta ji wannan sai ta ce a maimaita mata, ba ta ji da kyau ba.

Jimina, kada da kunkuru

Jimina ta sunkuyo da dogon wuyanta ta ƙare mana kallo da manyan idanunta masu gashin ido kamar an sa mata kwalli. Ita ce mafi girman tsuntsaye a duniya, tsawonta yakan haura mita 2 da rabi. An ba ta fukafukai amma ba a ba ta tashi ba, sai aka musanya mata da gudun da ya kai kilomita 70 a awa, a kan ƙafa mai yatsu biyu kacal. Ƙwanta ɗaya ya kai nauyin ƙwan kaza fiye da 20. Ba ta da haƙori, don haka takan haɗiyi tsakuwa ta niƙa mata abinci a ciki. Kakanninmu sun girmama ta: ana ɗora ƙwanta a ƙololuwar ɗaki ko masallaci, ana yi wa sarakuna mafici da takalmi da gashinta.

Kadoji muka tarar sun baje a rana, baki a buɗe, ba ko ƙifta ido, har auta ta rantse na katako ne. Buɗe bakin nan hanya ce ta rage zafin jiki. Abin da ya fi ba yara mamaki shi ne da muka gaya musu cewa wannan baki mai ban tsoro, da shi uwar kada take ɗaukar ƴaƴanta in sun ƙyanƙyashe, ta kai su ruwa ba tare da ta ji wa ko ɗaya ciwo ba. Sannan zafin ramin da aka binne ƙwan ne ke sa abin da zai fito ya zama namiji ko mace. Ƴarmu ta ce, “Ashe ita ma tana da tausayi.” Muka ce mata ai rahamar da Allah Ya saukar a bayan ƙasa ta game halittu duka, da ita ce kowace uwa take tausaya wa abin da ta haifa.

Shi kuwa babban kunkurun Sahel yana can yana jan ƙafa, bai damu da kowa ba. Irinsa yakan rayu fiye da shekara 70, in bazara ta tsananta ya haƙa rami mai zurfi ya shige har zafi ya sauka. Kaka ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce wataƙila sa'anta ne. Nan muka shimfiɗa tabarma a inuwa, muka yi alwala da butar da muka zo da ita, muka ba da faralin azahar, sannan aka buɗe kwanon dambun zogale da ƙullin kilishi.

Ƙasusuwan zamanin da

Bayan cin abinci muka je rumfar da aka tsayar da ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe, waɗanda ake kira dinozor. A nan babba da yaro duk ɗaya suke, kowa sai ya ɗaga kai har hula ta nemi faɗuwa. Kallo ya koma sama. Ƙasarmu tana cikin wuraren da suka fi ko'ina a Afirka arzikin irin waɗannan ƙasusuwa. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere, wani masani Bafaranshe mai suna Filip Take ya tono su tun cikin shekarun 1960. Daga baya Ba'amurke Pol Sereno da tawagarsa suka yi ta zuwa, a 1997 da 2000 da bayan haka. Daga cikin abin da aka samo akwai wata dabba mai dogon wuya da aka tono a yankin Ingal aka sa mata suna Jobariya, da kuma wani kada da aka ƙiyasta tsawonsa tsakanin mita 9 da 12, wanda ƙoƙon kansa kaɗai ya haura mita 1 da rabi. Masana suna ƙiyasta cewa ya rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce. Allah Shi ne Masanin haƙiƙanin adadi.

Ɗan fari ya yi tambaya mai kyau, ya ce, “Baba, me kada yake yi a cikin hamada?” Muka ce masa a zamaninsa ba hamada ba ce, manyan koguna ne da dazuzzuka. Inda yau ayari ke kwana da kwanaki bai ga ɗigon ruwa ba, a can wannan ƙato yake kamun kifi. Wanda ya zo yana jin shekara 40 wani dogon zamani ne, in ya tsaya ƙarƙashin haƙarƙarin nan sai ya san matsayinsa.

Ba nisa da nan aka keɓe wani ɗan gini domin busasshen itace guda ɗaya. Shi ne Itacen Tenere, itacen ƙaya dangin bagaruwa, wanda ya tsaya shi kaɗai tilo a kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, babu wani itace kusa da shi sai an yi tafiya mai nisan gaske. Da aka haƙa rijiya a gefensa cikin 1938 zuwa 1939, an tarar saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Shekara da shekaru madugai suna yada zango a gindinsa, ba wanda ya karya reshensa don dafa shayi, ba wanda ya bar raƙuminsa ya ci ganyensa, domin kowa ya san alama ce ga na baya. A 1973 wata babbar mota ta banke shi ya faɗi. Aka ɗauko gangar jikinsa aka kawo nan, can kuma aka kafa na ƙarfe a madadinsa. Duk faɗin Tenere, a rasa abin da za a kara da shi sai itace ɗaya! Haka ganganci na sa'a guda yake rushe abin da aka yi ƙarnoni ana kiyayewa.

Abin da Kaka ta gani

A gaban itacen nan ne Kaka ta buɗe baki. A ƙasar Dakoro ta tashi. Ta ce tana yarinya, in sun je itace sukan hango raƙuman dawa suna cin ganyen ƙaya, barewa kuwa ba a ma maganarta, jimina tana ratsa gonaki, da dare kura tana kuka a bayan gari har sai an kwana ana hura wuta a garke. Ta ce daga farin 1973 da na 1984, da yawaitar bindiga, da faɗaɗar gonaki da saran itace, sai dawa ta yi ta yin shiru, har aka wayi gari ba abin da ake ji da dare sai haushin kare.

Maganarta ta yi daidai da abin da masana suka rubuta. Mariri, mai dogon ƙaho kamar takobi, wanda da yake yawo garke-garke a Sahel, an bayyana a shekarar 2000 cewa ya ƙare a dawa, sai waɗanda ke tsare a gidajen namun daji. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, mafi yawansu a gandun dajin W da maƙwabtansa, tsakanin Nijar da Benin da Burkina Faso. Jiminar Ayar ta kusan ɓacewa cikin shekarun 1990. Raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma, waɗanda da ake samu daga Senegal har tafkin Cadi, a 1996 saura 49 kacal a duniya, dukansu a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai.

Mai karatu ya dubi wannan tsani mai hawa uku. Kaka ta ga namun daji a dawa. Mu mun gan su a keji. Ƴaƴanmu sun fi ganinsu a talabijin da wayar salula. In aka ci gaba a haka, jikokinmu za su gaji karin magana da tatsuniyoyi cike da sunayen dabbobin da babu su, kamar wanda ya gaji mabuɗi bayan ɗakin ya rushe.

Amma ba a yanke ƙauna daga rahamar Allah. Da hukuma da mutanen ƙauyukan Kure suka haɗa hannu, aka hana farauta, manoma suka yi haƙuri da ɓarnar da ake yi musu a gonakin wake, raƙuman dawan nan 49 sun hayayyafa har sun haura 600. A 2018 aka ɗebi 8 daga cikinsu aka mayar gandun Gadabeji, a ƙasar Dakoro, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga ko ɗaya ba. Shi ma mariri, daga waɗanda aka tsare aka samo irin da aka sake saki a dawan Cadi a 2016, kuma suna haihuwa. Da muka gaya wa Kaka raƙumin dawa ya koma ƙasarsu, sai ta ɗaga hannu ta ce, “Alhamdu lillahi. Allah Ya sa in gan shi kafin in koma.”

Haƙƙin dabba a kanmu

Akwai abin da muka gani da bai yi mana daɗi ba, kuma daga wajen maziyarta ne. Wasu samari suna tsokanar birai da kara, wani yana jifan kada da tsakuwa wai don ya motsa, wata ta miƙa wa jimina ledar alewa. Wannan ba tarbiyyar Musulmi ba ce. Ya tabbata a hadisi cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ya kuma tabbata cewa an gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Surori shida na Alƙur'ani sunan dabbobi suke ɗauke da shi: Baƙara, An'am, Nahli, Namli, Ankabut da Fil, wato saniya, dabbobin ni'ima, ƙudan zuma, tururuwa, gizo-gizo da giwa. Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne kamar yadda muke al'umma, Suratul Gashiya kuma ta ja hankalinmu mu dubi yadda aka halicci raƙumi. Dabbar da ke cikin keji an raba ta da dawanta ne domin mu gani mu ilmantu. Ƙaramin abin da za mu saka mata da shi shi ne kada mu ƙara mata wahala.

A nan ne mamakin yaro yake da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Yaron da ya tsaya ya ga dorina tana numfashi, ya ji cewa kada tana ɗaukar ƴaƴanta a baki, ba zai ɗauki dutse ya jefe su ba. In ya girma ya zama manomi ko direba ko ma'aikacin gandun daji, zai san akwai abin da ba a bankewa a wuce. Mutum ba ya kiyaye abin da bai taɓa tsayawa ya duba ba.

Shawara ga iyalai

Saboda haka muna kira ga magidanta da su ware yini guda domin irin wannan ziyara. Wanda ke Yamai ga Muze a kusa. Wanda ke kusa da Kano akwai gidan namun daji na Audu Bako. Wanda duk ya yi masa nisa, to akwai bakin gulbi da tafkin bayan gari, akwai shamuwa da ke zuwa da farkon damina, akwai gidan tururuwa a tsakar gida. A tafi da safe kafin rana ta yi zafi, a riƙe ruwan sha da tabarma da buta, kada ziyara ta ci lokacin salla. A tafi da tsofaffi in suna da ƙarfin tafiya, domin su ne littafin da yara ba za su samu a lakwal ba. Kada a yi gaggawar zagaye wurin duka, gara a ga dabba biyar da kyau da a wuce hamsin a guje. In yaro ya tsaya, a tsaya tare da shi, a duƙa daidai tsawonsa. In ya yi tambaya, a ba shi amsa gwargwadon sani, sauran kuma a bincika tare in an koma gida. A koya masa ya ce “Subhanallahi” a lokacin da zuciyarsa ta cika da mamaki, domin kalmar ta tashi tare da ma'anarta a ransa.

Shekaru amana ne, ƴaƴa amana ne, ƙasa da abin da ke tafiya a bayanta su ma amana ne, kuma za a tambaye mu a kan kowanne. Allah Ya sa mu cikin masu dubawa su wa'aztu, Ya albarkaci rayuwarmu, Ya jiƙan mahaifanmu, Ya shirya mana zuriya, Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya da damina mai albarka. Amin.